Watannin da Aka Tsallake: Tarken Labarin Yaƙin Basasar Nijeriya a Bakin Hausawa, da Misali Daga Ƙasar Garo

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda Hausawa suke ba da labarin yaƙin da aka gwabza a Nijeriya daga ranar 6 ga Yuli 1967 zuwa ranar 15 ga Janairu 1970, watau a waƙoƙinsu da ƙagaggun labaransu da hirarsu ta bakin kasuwa, sa'an nan mu auna wannan labari da abin da tarihi ya tabbatar. Mun zaɓi mu tsaya a Garo, cikin ƙaramar hukumar Kabo, da maƙwabtanta na ƙasar Gwarzo a yammacin Jihar Kano, mu hangi al'amarin daga can. Dalilinmu kuwa shi ne, wannan yanki bai zama fagen daga ba, ba shi da tashar jirgin ƙasa, ba shi kuma da Sabon Gari irin na birnin Kano. Duk da haka, kamar sauran karkarar Kano, ya ba da samari ga soja, ya ba da gyaɗa da haraji ga gwamnati, kuma jihar da yake cikinta a yau da kwana uku kacal ta riga Biyafara haihuwa. Mafi yawan ƙasar Hausa haka take. Yaƙin ya iso mata ne ta akwatin rediyo da bakin mawaƙa da bakin waɗanda suka je suka dawo, saboda haka abin da aka zuba a waɗannan kafofi shi ne tarihin yaƙin a wurin talaka.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa guda ɗaya ne. Labarin namu yakan fara daga daren 15 ga Janairu 1966, ya yi tsalle ya dira a ranar da Ojukwu ya ɓalle, watau 30 ga Mayu 1967, ya bar watannin Mayu zuwa Oktoba na 1966 a baya kamar ba a yi su ba. A ganinmu, muddin ana yin wannan tsallake, ba za a fahimci musabbabin yaƙin ba, ba kuma za a gane abin da ya hana ƙurarsa kwanciya shekaru fiye da hamsin bayan an ajiye makamai ba.

2. Sunaye uku, hukunci uku

Da sunaye uku ake kiran wannan yaƙi a ƙasar Hausa, kowane suna kuwa yana ɗauke da hukuncinsa. Tsofaffin karkara sun fi cewa "yaƙin Ojukwu", har sukan yi lissafin shekarun haihuwa da na aure da shi, kamar yadda ake yi da shekarun fari da na fara. Wannan suna ya tattara laifin duka ya rataya a wuyan mutum guda, wanda da ya tsere zuwa Kwaddibuwa a Janairun 1970 sai aka ɗauka magana ta ƙare. Suna na biyu shi ne "yaƙin Biyafara", shi kuma ya kai yaƙin can nesa, ƙetaren Kwara da Binuwai, ya mai da shi abin da ya faru a ƙasar wasu.

Na uku, "yaƙin basasa", shi ne na 'yan boko da gidajen rediyo, shi ne kuma ya fi nauyi, domin Kanawa sun san basasa tun kafin zuwan Turawa. Daga 1893 zuwa 1895 Tukurawa da Yusufawa, dukkansu zuriyar Sarki Ibrahim Dabo, suka yi ta fafatawa a kan sarautar Kano, har aka ci Sarki Tukur da yaƙi a Tafashiya ya rasa ransa, Aliyu Babba ya tabbata a kan gado. Adamu Fika ya feɗe wannan tarihi a littafinsa na 1978. Abin lura shi ne, masu ba da labarin wannan basasa ta farko sukan faɗi abin da kowane ɓangare ya yi: yadda aka naɗa Tukur bisa umarnin Sarkin Musulmi Abdurrahman ba da son mafi yawan 'ya'yan sarki ba, da kuma irin ɓarnar da dakarun ɓangarorin biyu suka yi wa garuruwa. Basasa faɗan 'yan gida ɗaya ne, faɗan 'yan gida kuwa ba a yanke masa hukunci da jin baki ɗaya. Mun karɓi sunan, amma mun bar sharaɗin da ke tare da shi.

3. Inda kowa yake fara ƙirga

Muhawarar musabbabin yaƙin, idan aka tace ta, muhawara ce a kan ranar da za a fara ƙirga. Bahaushe yana farawa daga 15 ga Janairu 1966, kuma yana da hujja. A daren nan wasu ƙananan hafsoshi, mafi yawansu Ibo, suka kashe Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, tare da matarsa a Kaduna. Suka kashe Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Yamma Akintola da Ministan Kuɗi Okotie-Eboh. Suka kuma kashe manyan hafsoshin Arewa huɗu: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar James Pam. Firimiyan Gabas da na Tsakiyar Yamma ba abin da ya same su. Janar Ironsi da ya karɓi mulki bai gurfanar da masu juyin gaban shari'a ba, ranar 24 ga Mayu kuma ya kafa Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin tarayya, ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Ga ɗan Arewa wanda bokonsa bai yi nisa ba, ma'anar wannan doka ita ce kujerun da gwamnatin Sardauna ta tanadar masa za su koma hannun wasu. Duk wannan gaskiya ne, labarin da ya raina shi kuwa bai cika ba.

Mutumin Gabas daga ranar 29 ga Mayu 1966 yake farawa, wani ma yakan koma baya zuwa rikicin Jos na 1945 da na Kano na Mayun 1953. Shi ma yana da hujja. A ƙarshen Mayun 1966 zanga-zangar "a raba" ta juye ta zama kisan Ibo a Kano da Zariya da Funtuwa da Katsina da Gusau da wasu garuruwa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi juyin ramuwa, aka kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Ibadan, aka kuma kashe hafsoshi da sojoji 'yan Gabas masu yawa a barikoki. Daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba aka yi kisan da ya fi kowanne muni, bayan labari ya bazu ta rediyo cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas. Ranar 1 ga Oktoba sojojin Bataliya ta 5 a Kano suka yi tawaye, suka buɗe wuta a kan mutanen da ke jiran tafiya a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa, suka shiga Sabon Gari, farar hula na biye da su, sai da Gwamnan Arewa Hassan Usman Katsina ya zo da kansa kafin abin ya lafa. Ƙiyasin waɗanda aka kashe a Arewa a wannan shekara ya kama daga 8,000 zuwa 30,000, fiye da mutum miliyan ɗaya kuma suka kwashe suka koma Gabas. A garuruwan Gabas ma an kashe 'yan Arewa, sauran aka koro su gida.

To, a nan gizo yake saƙar. Daga Janairun 1966 zuwa ƙarshen Mayun 1967 wata goma sha shida ne da 'yan kwanaki, kuma Ojukwu bai nemi ɓallewa a Janairu ba. Hasali ma a lokacin shi ne kwamandan wannan Bataliya ta 5 a Kano, ya kuma ƙi bin Manjo Nzeogwu. Bayan kisan watan Mayu shi ne ya roƙi waɗanda suka gudo daga Arewa su koma wuraren sana'arsu. A ƙarshen Yuli kuwa, waɗanda suka fara neman a raba ƙasa su ne sojojin Arewa da suka yi juyin ramuwa, ciki har da Murtala Muhammed, kafin a shawo kansu. Duk wanda ya cire watannin nan daga lissafi dole ya rasa abin da zai bayyana ɓallewar da shi, sai girman kai da kwaɗayin mutum ɗaya. Ba mu musun girman kan Ojukwu. Ba mu musun cewa man fetur na cikin lissafinsa da na gwamnatin tarayya da na Ingila. Ba mu kuma manta yadda yarjejeniyar Aburi ta 4 da 5 ga Janairu 1967 ta wargaje ba, saboda kowane ɓangare ya koma gida da tasa fassarar. Amma girman kan mutum ɗaya ba ya sa miliyoyin jama'a su jure yunwa wata talatin. Tsoro ne ya riƙe su, tsoron kuwa a garuruwanmu aka shuka shi.

4. Waƙa da iyakarta

Idan muka juya ga adabi, waƙa ce ta ɗauki nauyin yaƙin a ƙasar Hausa. Rubutattun waƙoƙi sun yi ta fitowa a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana kuma rera su a Rediyon Kaduna. Makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata sun yi wa soja waƙa, a cikin marubuta kuwa waƙar soja ta Alhaji Aƙilu Aliyu mai suna "Jiki Magayi" tana cikin waɗanda suka fi shahara. Graham Furniss ya yi nazarin irin waɗannan waƙoƙi a wata maƙala tasa ta 1991.

Wanda ya dube su a dunƙule zai ga tubalan gininsu uku ne: yabo da zuga da zambo. Ana yabon Gowon da kwamandojinsa, ana jero garuruwan da aka ci ɗaya bayan ɗaya kamar yadda maroƙi yake jero nasarorin basarake, ana zuga samari su shiga soja, ana yi wa Ojukwu zambo. Wannan zubi tsoho ne. Shi ne zubin waƙar fada, inda kowane sarki yake da mahassada, da waƙar maza ta 'yan dambe da 'yan tauri, da kuma waƙoƙin siyasa na NEPU da NPC na shekarun 1950, waɗanda suka horar da mawaƙan wancan zamani a kan yabon nasu da zagin na wasu. Ta fuskar fasaha ba mu da ta cewa: an sarrafa harshe, an yi ado da karin magana, an ɗauko kalmomin bariki an zaunar da su daram cikin kari da amsa-amo. Ta fuskar aikin da aka sa su ma sun biya bukata, domin rundunar da take kimanin mutum 10,000 kafin yaƙi ta kai wajen 250,000 a ƙarshensa, waƙa kuwa na cikin abubuwan da suka kira kurata daga garuruwa irin su Garo da Getso da Karaye.

Matsalar tana cikin zubin kansa. Waƙar yabo da zambo mutum biyu kaɗai take iya ɗauka, jarumi da abokin gabarsa. Ba ta da gurbin mutum na uku, watau telan Sabon Gari ko malamin awo na kamfanin sayen gyaɗa da aka kashe bai san hawa ba bai san sauka ba, ko yaron da tamowa ta kashe a Umuahia bayan an datse wa Biyafara hanyoyin shigar abinci. Ba ta da gurbin mutanen Asaba da sojojin Runduna ta 2, wadda Murtala Muhammed yake jagoranta, suka tara suka harbe ranar 7 ga Oktoba 1967. Abin da ya fi ba da mamaki, ba ta da gurbin namu matattun ma. Sojojin da suka nutse a Kwara a watan Oktoban 1967, sa'ad da aka yi ta ƙoƙarin ƙetarawa daga Asaba zuwa Onitsha ana kasawa, da waɗanda suka ƙone a kwanton ɓaunar Abagana a ƙarshen Maris 1968, ba su dace da waƙar nasara ba, don haka irin wannan waƙa ba ta tsayawa a kansu. Salon da ya hana mawaƙi duban gawar abokin gaba shi ne ya hana shi duban gawar ɗan gida.

Sa'an nan akwai batun kalma. Sunan "Inyamuri", wanda ake danganta asalinsa da kalmomin roƙon ruwan sha a harshen Ibo, ya zauna a bakin mutane har ba a jin ɗacinsa. Haka su ma a can, kowane sojan tarayya "Hausa" ne, alhali Gowon Kirista ne ɗan ƙabilar Angas, rundunar kuwa cike take da Tibi da Jukun da Barebari da Yarbawa da mutanen bakin teku. Kowane ɓangare ya ƙera wa ɗan'uwansa suna guda wanda zai hutar da shi duban fuskokin mutane ɗaya ɗaya.

5. Zube: namu da na maƙwabta

A fagen zube tazarar da ke tsakaninmu da maƙwabtanmu mai faɗi ce. Tun yaƙin bai huce ba marubutan Kudu suka shiga rubutu cikin Turanci, su Achebe da Soyinka da Elechi Amadi da Ekwensi da Flora Nwapa da Buchi Emecheta. Hafsoshi ma suka bi sahu, Obasanjo da Madiebo a 1980, Ademoyega a 1981. A 2006 Chimamanda Adichie ta fitar da Half of a Yellow Sun, a 2012 Achebe ya fitar da There Was a Country. Ta waɗannan littattafai duniya ta san yaƙin. Ta su ne kuma da yawa daga 'ya'yanmu da suka yi boko suke fara jin abin da ya faru a Kano a 1966, a harshen da ba nasu ba, daga bakin waɗanda aka yi wa.

Su ma waɗannan littattafai suna da nasu giɓin. A littafin Adichie, alal misali, 'yan Arewa biyu ne suka fito fili a Kano: ɗan sarauta mai ilmin boko da ya ceci tauraruwar labarin, da wani aminin iyali da ya ci amanar abokinsa. Sauran taro ne mai ihu, ba suna ba fuska. Littafin Achebe na ƙarshe kuwa ya sassauta wa juyin Janairu fiye da yadda mai karatu ɗan Arewa zai iya haɗiyewa. Manomin Garo da ya ajiye garma ya ɗauki bindiga ba ya cikin ko ɗayansu. Sai dai rubuta wannan manomi aikinmu ne, ba mu da hurumin tuhumar wani da barinsa. Ken Saro-Wiwa ya nuna hanya a Sozaboy na 1985, inda ya ɗauki yaron mota ɗan ƙauye wanda sha'awar kaki da neman burge budurwa suka kai shi yaƙin da bai san dalilinsa ba, ya bar shi ya ba da labari da bakinsa. Irin wannan yaro a ƙasar Hausa dubbai ne, har yanzu kuwa yana jiran marubucinsa. Littafin da ya fi kusantar wannan fage shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 bayan gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya, domin ya taɓo matsalar sojojin da aka sallama da ta'addancin da ya yaɗu, ya kuma ɗauko tauraronsa daga cikin Maguzawa, mutanen da yammacin Kano ya sani sarai. Amma hankalinsa yana kan abin da ya biyo bayan yaƙin ne. Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 kuwa, soyayya da zaman aure suka fi ɗaukar hankalinsa.

6. Abin da yaƙin ya bari

Mu komo Garo mu ga abin da yaƙin ya bari a ƙasa. Na farko shi ne jiha. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasar jihohi 12, domin ya raba Ojukwu da ƙananan ƙabilun Gabas masu man fetur da tashoshin ruwa. Wannan dabarar yaƙi ita ta ba Kano abin da wasu Kanawa suke nema tun bayan murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, watau fita daga ƙarƙashin Kaduna. Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya riƙe jihar daga 1967 zuwa 1975, ya shimfiɗa hanyoyi, ya kafa madatsun ruwa, babbarsu ita ce ta Tiga. A cikin shekarun nan ne aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi. Talakan da a 1960 hakimi da alƙali da ɗan doka suke riƙe da shi da igiya ɗaya ya wayi gari igiyar ta warware. Abin da NEPU ta yi ta kira a kai tun 1950, soja suka zartar da mai yawa daga cikinsa a yanayin yaƙi, Malam Aminu Kano kuwa yana cikin majalisar Gowon.

Na biyu shi ne juyawar arziki. Kafin yaƙi gyaɗar manomin Kano na cikin manyan abubuwan da suke kawo wa Nijeriya kuɗin waje, kowace jiha kuma tana cin kaso mai tsoka na abin da ƙasarta ta fitar. Yaƙi ya tattara iko da kuɗi a tsakiya. Dokar Man Fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan man ƙasar, farin 1972 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa dalar gyaɗa, a 1979 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Soke haraji sauƙi ne ga talaka, babu shakka. Amma daga nan hukuma ta rage duban gonar manomi, ta koma duban kason da zai zo daga Ikko, daga baya Abuja. Kaso mai yawa na kuɗin da ake gina aji da shi a Kabo daga ƙasar da aka yi yaƙin a kanta yake fitowa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe sunan nan da ya kai yaƙin can nesa.

Na uku su ne 'yan mazan jiya. Sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970 aka shiga rage sojojin sosai, suka komo garuruwansu, wasu da naƙasa, wasu da Hausar bariki da ɗabi'un da ƙauye bai saba da su ba, da yawa suka ƙare a gadin gidaje da kantuna a birni da zaryar neman fansho. Makaman da suka warwatsu suka ƙara wa fashi ƙarfi, har aka kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970. Mulkin soja kansa gado ne. Daga Agustan 1966 zuwa Mayun 1999, in aka cire shekaru huɗu na Shagari da watanni uku na riƙon ƙwarya a 1993, hafsoshin da suka yi wannan yaƙi ne suka riƙe ƙasar, biyu daga cikinsu kuma, Obasanjo da Buhari, suka dawo ta hanyar ƙuri'a suka yi shekara takwas-takwas.

Na huɗu shi ne wanda muke iya yin alfahari da shi. Da Gowon ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, ba a shiga kisan ramuwa da aka yi ta tsoro ba. Ibo suka dawo Kano, da yawa suka karɓi gidajensu na Sabon Gari, saɓanin abin da ya faru a Fatakwal inda aka kira gidajensu dukiyar da aka yasar. A 1973 aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ya sa ɗan Owerri ya koyar a makarantun ƙauyukan Kano. A 1979 Alex Ekwueme ya zama mataimakin Shagari, a 1982 aka yafe wa Ojukwu ya dawo gida. Amma kada mu manta da fam 20 kacal da aka ba duk wanda ya ajiye kuɗin Biyafara a banki, kome yawansu. Sulhun da aka yi na ciniki ne da maƙwabtaka. Ba a zauna an yi na magana ba.

Alamar cewa miki ya rufe ne bai warke ba ta bayyana a fili. A Gabas ƙungiyar MASSOB ta taso a 1999, IPOB ta biyo baya. A Arewa kuwa, ranar 6 ga Yuni 2017 wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adi su bar Arewa kafin 1 ga Oktoba. An janye wa'adin a watan Agusta, amma mu dubi ranar da aka zaɓa. A kalanda ranar 'yancin kai ce. Ga wanda kakansa ya mutu a filin jirgin saman Kano kuwa, 1 ga Oktoba wata rana ce dabam. Mafi yawan matasan da suka yi ta yaɗa wannan sanarwa bayan yaƙi aka haife su, labarin da suka gada kuma shi ne mai tsallaken nan.

7. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, hujjojinsu kuwa ba na yasarwa ba ne. Wasu za su ce mawaƙi a lokacin yaƙi ba alƙali ba ne, aikinsa ya ƙarfafa zukata. Mun yarda. Tarken namu bai nufi Aƙilu Aliyu da tsararsa ba, domin sun yi aikin ranarsu. Mu ya nufa, mu da muka bar waƙar gangami ta tsaya a matsayin littafin tarihi tsawon rabin ƙarni.

Wasu za su ce tone-tone fitina yake tayarwa, kuma su ma can ba su amsa laifin Janairu ba. Amsarmu ita ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shirun da muka yi bai hana wa'adin 2017 ba. Da Kwamitin Oputa ya zauna, ƙungiyar Ohanaeze da ta Tuntuɓar Juna ta Arewa sun gurfana gabansa a 2001, kowace ta maimaita ranar da take fara ƙirga, gwamnati kuma ba ta buga rahoton a hukumance ba. Wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu, sai bayan shekaru kimanin goma aka dawo da shi. Idan kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara amsa nasa, to haka za a yi ta zama.

Hujja ta uku ta fi shafar Garo: ai mutumin ƙauye ba shi ya yi kisa a Sabon Gari ba, don me za a ɗora masa? Laifi na wanda ya aikata ne, a shari'a da addini ba mai ɗaukar nauyin wani, mu ma ba mu ɗora masa ba. Sani muke nema masa, domin shi ne aka ɗauki ɗansa, yana da haƙƙin ya san dukkan abin da ya kai ɗan nasa Onitsha. Daɗin daɗawa, tsallaken nan ya jawo mana wata asarar. A cikin waɗannan watanni akwai Hausawa da Fulani, talakawa da sarakuna da malamai, da suka ɓoye maƙwabtansu Ibo a ɗakunansu, suka fitar da su da dare, wasu suka riƙe musu dukiya har suka dawo. Da muka binne labarin kisan, tare da labarin waɗannan mutane muka binne shi, alhali su ne suka fi cancantar waƙar yabo.

8. Kammalawa

Mun ga yadda sunan da aka ba yaƙin, da ranar da aka fara ƙirga, da zubin waƙar da ta ɗauke shi suka haɗu suka share watanni shida daga tunanin mai sauraron Hausa, mun kuma ga cewa jiharsa da kuɗin hukumarsa da tsohon sojan unguwarsa duk daga wannan yaƙi suka fito. Shawararmu uku ce. A tattara bayanan 'yan mazan jiya da matansu da fataken da aka koro daga Gabas, cikin Hausa, gari gari, domin wanda yake da shekara ashirin a 1967 yanzu ya doshi tamanin. A fassara zaɓaɓɓun rubuce-rubucen ɗaya ɓangaren zuwa Hausa, a koyar da su tare da waƙoƙinmu a aji ɗaya, ɗalibi ya auna da kansa. Marubutanmu kuma su ɗauki kurtun ƙauye da maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa su mai da su taurarin labari. Aikin bai fi ƙarfinmu ba, tafiyar ma ba ta da nisa: sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo yake, hanyar da ta bi ta Janguza da Rimin Gado ta shiga ƙasar Kabo.